Amaryar da Na Jawo daga Bayan Deule

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na ja goɗiyar amarya daga wani ƙauye na bayan Deule zuwa garinmu ba, ko da na so in manta, don matata ba ta bari. Yau ga jikoki cike da gida, haƙorana sun fara yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya, amma da zarar an ji kiɗan biki a unguwa sai ta dube ni ta wutsiyar ido ta ce, "Malam, ko a kawo ma linzami?" Sai in yi kamar ban ji ba.

A kakar da sojoji suka fara dawowa daga babban yaƙin Nasara abin ya faru. Gero ya yi kyau a shekarar, rumbuna suka cika, aure ya ɓarke ko'ina. Abokina Illa, wanda aka yi mana kaciya tare, shi ma ya tashi auren wata yarinya Rabi, ni ne kuma babban aboki. Lokacin kuwa ina ji da kaina ba kaɗan ba. Na yi cin rani a Sakkwato, na dawo da riga mai aiki, da hula, da kwalbar turare, da baki. Bakin nan shi ne babbar dukiyata. In na zauna a dandali na fara labarin birni, har masu tallan ƙosai sai sun ajiye faranti (rabin abin da nake faɗa ban gan shi ba, a bakin kasuwa na tsinto shi, amma wa zai je Sakkwato ya bincika?).

Wuri ɗaya ne bakin nan yake mutuwa murus, gaban Kaka Dije, kakar Rabi. Rabi tana da ƙanwa, Hajo, wadda rakiyar Illa zance ta haɗa ni da ita. Na so ta, ta so ni, mun gama magana tsakaninmu. To amma uwarsu ta rasu tun suna ƙanana, kakarsu ta wajen uwa ce ta raine su, ba ta kuma da kowa a duniya sai su biyun. Saboda haka ko ubansu ba ya yanke komai a kansu sai tsohuwa ta ɗaga kai. 'Yar ƙaramar mace ce, haƙori ɗaya ya rage mata a gaba, amma in ta kafe ka da ido sai ka fara tunanin laifin da ka yi bara. In na je gaishe ta, na durƙusa na ajiye goro, sai ta ɗauka ta ɓare ta hau gurzawa a hankali tana kallona. Duk jawabin da na shirya a hanya sai ya tsere. Akwai ranar da na ce mata "ina kwana" da la'asar sakaliya.

Ana nan sai ga Abdu Soja ya dawo da manyan takalma da bargo ja, ya ce shi ma Hajo yake so, zai kai ta Madawa inda aka yi masa alkawarin aikin gadi. Shi ba ya jin nauyin kowa. Yana zama gaban tsohuwa ya miƙe ƙafa yana zuba mata Faransanci, ita kuma tana gurza nasa goron. Ana saura kwana kaɗan biki Hajo ta tare ni bakin rijiya ta ce, "Kaka ta ce in an gama bukin Rabi za ta yanke magana. Ta ce ita ba ta ba bebe jikanyatta. Kai kau in kaz zaka gabanta sai ka yi awa an ɗaure ma harshe." Na koma gida ko tuwo ban iya ci ba.

Ranar ɗaukar amarya, gwaggon Illa ta kira ni gefe tana gyara mini wuyan riga. "Kai ɗan ga, mutanen can wasa gare su. Ka buɗe ido, kada su ɗora ma amaryar boko kai ta jan banza." Ga wanda bai sani ba, al'ada ce: a lulluɓe wata a ɗora bisa doki a yi ta kiɗa da guɗa, ainihin amarya kuwa ta bi cikin ƙawaye da ƙafa ba wanda ya lura da ita, don gudun mugun ido, kuma don a sha dariyar dangin ango. A garinmu ƙaramar yarinya ake ɗorawa, ana gane ta da gani ɗaya, don ƙafarta ba ta kai likkafa. Na yi murmushi na ce, "Haba Gwaggo, ni da nig ga birni? Ai ko cikin buhu sunka saka ta na gane ta."

Muka isa ƙauyen, aka ba mu fura muka sha, mata suka shige da goɗiya cikin gida, ni ina jira a ƙofa ina ta kaɗa hannun riga don turare ya tashi. Da aka fito da ita, amarya lulluɓe ruf da baƙin zane mai sheƙi, na saci kallon ƙasa. Ƙafa ta kai likkafa, yatsu sun yi baƙi ƙirin da lalle, ga munduwa tana walƙiya. Ban ƙara dubawa ba, don ba a ƙare wa matar aboki kallo. Na ce a raina, sun ji tsorona ke nan, sun san ba a yi wa ɗan Sakkwato irin wannan wasa. Na karɓi linzami na shige gaba, 'yan mata da makaɗa suna biye da mu daga ɗan nesa. Na ji suna ta ƙyalƙyala dariya, na ɗauka rigata ce take aikinta.

Da muka gangara fadama muka bar su a baya, sai wata dabara ta faɗo mini (har yau in na tuna cewa na kira ta dabara sai in ji zufa). Wa ya fi Rabi kusa da tsohuwa? Ga ta a hannuna, ba mai ji, kuma amarya ba ta magana a ranar, balle ta katse ni.

Na ce, "Rabi, na san yau ba ki cewa komi, to ki ji kawai. Tsohuwag ga taku ta hana ni kwana. Goron da tac ci nawa, da shuka shi ankai da yanzu mun yi kurmi nan ƙasarmu ta Adar."

Shiru. Shirun nan ya yi mini daɗi, bakina ya buɗe kamar a dandali. Na ce haƙori guda gare ta amma shi kaɗai ya fi ƙarfin gonata. Na ce in ta dube ni sai in ji kamar na saci akuyar liman. Na kwaikwayi yadda take gurza goro, har da sauti. Na ce na tabbata ko Kwamandan Faransawa na Madawa ya durƙusa gabanta sai ya manta da Faransanci. Sai na ga zanen yana rawa, kafaɗun amarya suna girgiza. Tausayi ya kama ni, na ce, "Haba Rabi, daina kuka. Illa mutumin kirki na, ba ya cuta miki."

Girgizar ta ƙaru, na ƙara lallashi.

Can da muka hau tudu muka hango rumbunan garinmu, sai wasan ya fita raina. Na ce, "Amma wallahi ban ƙi ta ba, Rabi. Na san abin da ka damunta. Ke kin tahi yau. In Hajo ta tahi, wa ka dama mata hura? Wa ka jin tarinta da asuba? Shi Abdu Madawa za shi da Hajo, ya bar tsohuwa da bango. Ni kau na hidda wuri gidanmu, gabas ga rumbu, na share, na tara itacen ɗaki. In ta ba ni Hajo, da ita za ni ɗauka, ko za ta cinye goron duniya. Wanga shi nike son hwaɗa mata, amma in nig gan ta sai harshe ya maƙale. Don Allah ki hwaɗa mata." Zanen ya daina rawa. Daga nan har ƙofar gari ban ƙara jin komai ba sai takun goɗiya, ni kuwa ina ta yaba wa kaina hikima.

Rana ta kusa faɗuwa muka isa ƙofar gidan su Illa. Gari ya taru kaf, dattawa bisa tabarmi har da mahaifina, ganguna suna tashi, mata suna rangaɗa guɗa. Abdu Soja ma ya biyo 'yan rakiya da takalmansa. Na tsayar da goɗiya a tsakiyar fili na ɗaga kai, na dubi Gwaggo irin kallon "me na gaya miki". Ta matso za ta sauke amarya. Kafin ta kai hannu, amarya da kanta ta yaye zane ta wurgar.

Furfura na fara gani. Sannan ido. Sannan haƙorin nan guda ɗaya, ja wur da goro, kuma na tabbata gorona ne.

Fili ya kece da dariya. Ashe su a can ba yarinya suke ɗorawa ba, tsohuwar gida suke ƙunsa wa lalle su sa mata munduwa. Rabi kuwa tana cikin 'yan matan da ke bayanmu da ƙwarya bisa kai, har ta shige ɗakinta ta ƙofar baya. Gwaggo ta riƙe ciki tana cewa, "Ina mai idon birni?" Da a nan abin ya tsaya, da na gode wa Allah, don ba ni ne farkon abokin ango da aka yi wa haka ba. Amma Kaka Dije ta ɗaga hannu, makaɗa suka tsaya cak.

Ta ce, "Jama'a, ashe beben ga na magana!"

Sai ta fara, daga kan goɗiya, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. Abin da ya ƙara kashe ni, maroƙin garinmu yana tsaye kusa, aikinsa kuwa shi ne ya ɗaga maganar manya kowa ya ji. Tana faɗa yana kwarmatawa: "Ta ce, ya ce haƙori guda gare ta amma ya hi ƙarhin gonatai!" Dariya. "Ta ce, ya ce awa ya saci akuyar liman!" Liman da kansa ya sunkuyar da kai rawaninsa yana rawa. Har gurzar goron sai da ta kwaikwayi yadda na kwaikwaye ta. Mahaifina ya rufe fuska da hannun riga. Hajo ta ɓuya bayan wata ƙawa. Abdu Soja ya fi kowa ƙarfin dariya, yana buga takalmi a ƙasa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da linzami, turare da zufa sun gauraye, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Na san na rasa Hajo, kuma da bakina na rasa ta.

Da dariya ta lafa sai ta dube ni. "Kai kad ɗauko ni, kai ka sauke ni." Na sauke ta, ba ta fi damin kara nauyi ba. Ta ce da ƙarfi, "Yanzu kai ni in ga wurin da kac ce, gabas ga rumbu. In ƙarya ta, yau garin ga ba ya ɗaukam mu ni da kai."

Jama'a, a duk surutun da na yi a ƙuruciyata, wannan kaɗai ne ban ƙara wa gishiri ba. Na shige gaba, tana biye da sandarta, rabin taron biki yana biye da ita, har makaɗa. Ga wuri a share, ga itace jingine da rumbu, ga ciyawar jinka a ɗaure. Ta zagaya, ta ƙwanƙwasa itacen da sanda ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta ce, "Ya yi kusa da turken jaki. A ɗauke jakin." Ta juya wajen mahaifina ta ce, "Malam, ku aiko manya."

Ban taɓa jin guɗa mai daɗin ta ranar ba. Illa ya fito daga inda aka ɓoye shi ya rungume ni, ya manta shi ne ango. Maroƙin da ya gama tona mini asiri ya juya ya hau yi mini kirari ba ko kunya, na kuwa cire hular Sakkwato na ɗora masa. Da na waiwaya neman Abdu Soja, sai ƙarar takalmansa kawai na ji ta hanyar fadama.

Kafin damina aka kawo Hajo, tsohuwa ta biyo bayanta bisa jaki, wannan karon fuska a buɗe. Ta yi shekaru a ɗakin nan, kowace ranar kasuwa da goronta, kuma ba baƙon da ya taɓa kwana gidanmu bai ji labarin akuyar liman ba. A ciwonta na ƙarshe ta sa aka kira ni, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan Sakkwato, ranan nan da kac ce in daina kuka, dariya nikai. Amma bisa tudu, da kab bar lallashi, nan na niy yi kukan."

Tun daga wancan biki na koyi abu guda: duk abin da na gani a lulluɓe, ko buhun gero ne, sai na durƙusa na gaishe shi da ladabi kafin in buɗe baki. Amma in an tambaye ni tsakani da Allah, a ba ni linzamin nan yau, in sake jan amaryar tawa.