Riƙon Amanar Likita Shekari

Ranar Alhamis, sha ɗaya ga Yuli, 2024, gari ya waye da yayyafi a Sabon Garin Zariya, amma bai hana Zailani ɗora farar rigar likitoci a kan kaftaninsa ba.

"Ni likitanci da siyasa gadonsu na yi," in ji shi ga masu kafa rumfa. "Wasu sai sun shekara shida a Samaru suna haddar ƙasusuwa. Ni a jinina abin yake."

Mai karatu, kada rigar ta ruɗe ka. Cajar waya Zailani yake sayarwa a bakin kasuwa. Kujerar kansila yake nema ido rufe, kuma a ranar ne Alhaji Suhail, shugaban jam'iyya na mazaɓar, zai yanke wanda za a tsayar.

Duk jarin Zailani wani tsohon hoto ne. A ciki akwai marigayi Likita Shekari, wanda ya yi aikin asibiti zamanin Turawa, ya kuma zauna a majalisa. Har yau tsofaffi na cewa da safe yana duba majinyata, da yamma yana kan dandamali. A hoton yana riƙe da hannun wani ƙato mai karkataccen rawani.

"Kakana ke nan, hannun daman Likita," in ji Zailani. "Ku dubi riƙon. Amana ce tsantsa!"

Don ya burge Alhaji sai ya shirya awon hawan jini kyauta da sunan marigayin. Ya kuma aika mai keke napep har Samaru aka ɗauko autar Likita, Mama Lucia, tsohuwar nas mai shekara tamanin da biyar, don ta yi masa shaida.

Da Alhaji aka fara. Gwani Zailani ya naɗa masa abin awon a kan hannun babbar riga, ya kama matsa iska kamar mai zuga wutar maƙera.

"Zailani, hannuna fa ya mutu."

"Alamar yana aiki ke nan, ranka ya daɗe."

Ya ƙura wa agogon ido, ya girgiza kai irin na manya. "Ɗari uku da arba'in."

"Innalillahi!" in ji Alhaji.

Mama Lucia ta miƙe a hankali ta kwance abin. "Ɗana, wannan ba jinin mutum ba ne, iskar tayar mota ce. Alhaji, ka kwantar da hankalinka."

Zailani ya yi wuf ya miƙa mata hoton. "Mama, ki gaya wa jama'a wane ne wannan tare da Baba."

Ta sa tabarau, ta kai hoton kusa da hanci. "A'a! Auwalu Mai Jifa! Jikansa ne kai?"

"Hannun daman..."

"Wane hannun dama? Ranar Baba yana taron siyasa, 'yan hamayya suka ɗauko kakanka ya hau mangwaro yana jifansa. Reshe ya karye da shi. Baba ya bar jawabi a tsakiya ya zo kansa. Wannan riƙon, bugun jininsa yake ji. Ni na riƙe kwanon ruwa."

"Amma rawanin..."

"Bandeji ne."

Rumfa ta kece da dariya. Alhaji ya tashi yana yarfe hannu. "Za ka ji daga gare mu," ya ce, ya shige mota.

Da wani ne, da sai ya tafi gida ya rufe ƙofa. Ban da Zailani. Ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Mama, ki rufa mini asiri. Layi biyu kawai zuwa ga manyan jam'iyya a Kaduna, ki faɗi abin da kika gani a wurina."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Abin da na gani? To."

Ta rubuta a kan cinyarta, ta liƙe ambulan, ta sa adireshi da rubutun nan na asibiti mai kama da tafiyar kaza. Zailani bai gane ko harafi ɗaya ba, amma ya gyaɗa kai. "Irin rubutunmu ne."

Da ƙafa ya tafi gidan waya, yana ɗaga wa duk wanda ya sani ambulan. Ya sayi kan sarki wurin Tosin, ma'aikacin da ke bakin kanta, ya jefa wasiƙar cikin akwati, ya kakkaɓe hannu.

"Oga, Allah ya saka," in ji Tosin. "Kai ka kama shi?"

"Wa?"

"Likitan bogin mana. Ai adireshin masu karɓar ƙara kan likitocin bogi ne."

Zailani ya yi tsalle ya cusa hannu cikin bakin akwatin har gwiwar hannu. Ya laluba, bai taɓo komai ba. Ya ja, hannu ya ce ina nan.

"Dokta," in ji wata mata a layi, "me za a ba ka?"

Wasiƙa dai ta kama hanyar Kaduna. Hannun Zailani kuwa sai bayan La'asar ya bi shi gida, da aka samo kwalbar manja.