Firintar Tanimu Mai-shuni

Wani mutum ne aka yi a Kura, Tanimu Mai-shuni, Allah ya ji ƙansa. Marini ne, amma bakinsa ya fi hannunsa aiki. A cewarsa, duk ƙasar nan shi kaɗai ya rage mai rini da shunin baba na ainihi, irin na kakanni. Sauran marina kuwa galurar kasuwa suke damawa, ta leda. Ramin rininsa ma a cikin gida ya haƙa shi, wai kada a sace masa sirri.

Ana nan sai zaɓen shugaban marina ya zo. Tanimu ya tsaya takara, wani marini Gwadabe shi ma ya tsaya. Gwadabe ya je shago aka buga masa hotuna, ya manna a bango. Tanimu ya kalli hoton, ya taɓe baki.

"Ruwa ɗaya zai wanke wannan. Ni a gidana zan buga nawa, da baba, a gaban idonku."

Sai ya hau mota ya tafi Kano sayen firinta. Mai shagon, wani Sallau, ya ce, "Alhaji, me za ka riƙa bugawa? Takardu ko hotuna?"

"Tarihi," in ji Tanimu.

Ya fara zaɓe kamar mai sayen rago. Ya ɗaga wannan ya ji nauyi, ya ce ramammiya ce. Ya ƙwanƙwasa cikin waccan, ƙwas-ƙwas, ya ce ba ta ƙoshi ba. Wata ma ya buɗe mata baki yana neman haƙora. Can sai ya hango wata mai 'yan tankuna huɗu a gefe, inda ake ɗura tawada.

"Yauwa. Ga mai ramukan rini. Wannan 'yar gida ce."

Sallau ya ce lallai ya iya zaɓe, irin wannan ba ta shan tawada da yawa. Ya haɗa masa ita da wayarsa, ya nuna masa inda zai danna, sannan ya miƙo kwalaben tawada huɗu. Tanimu ya sunsuna ɗaya, ya ture su.

"Riƙe ruwan alawarka."

"Alhaji, in ka zuba mata wani abu, babu ruwana."

"Ɗana, tun ba a haifi wanda ya ƙera ta ba nake haɗa launi."

Ranar Laraba da hantsi zauren Tanimu ya cika. Marina sun zauna a kan tabarmi, Gwadabe na gefe, ga kuma Kawu Jatau, dattijon da zai kula da zaɓe, wanda hannayensa suka yi shuɗi har gwiwar hannu tun zamanin samartaka. Aka aza firinta a kan turmi, aka ta da janareto. Tanimu ya shiga gida ya fito da ruwan rini a buta, ya tace da rariya, ya ɗura wa tankunan huɗu har wuya. A ransa yana cewa, wa zai tsaya binciken ruwan rinin? Hoto za su kalla.

Ya danna waya. Firinta ta yi ƙirrr, ta yi shiru, ta yi tari. Ta ja takarda ta mayar, kamar mai tunanin ko ta fasa.

"Bismilla take yi," in ji Tanimu.

Sai ga hoto yana fitowa, sannu-sannu, jiƙe sharkaf. Hular ta yi tsawon taɓarya. Idanu uku. Gemu ya zarce har aljihu. Duka shuɗi ne tsantsa, har haƙora.

Gwadabe ya ce, "Wannan kai ne, ko wanda ke kwana a ramin naka?"

Aka fashe da dariya. Tanimu ya ɗaga takardar sama yana huci. "Ku bar kamanni, ku dubi launi. Shekara ɗari ba zai koɗe ba."

Kawu Jatau bai yi dariya ba. Ya ce, "Sake buga wani."

Aka sake. Tsoho ya matso har hancinsa na taɓa bakin firinta, yana kallon takardar tana fitowa. Sannan ya zauna.

"Tanimu, ina koren?"

"Wane kore, Kawu?"

"Duk wanda ke zauren nan ya sani. Abin da aka rina da baba, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska ya koma shuɗi. Naka da shuɗinsa ya fito, kamar wanda ya yi shiri tun daga gida."

"Ai... na'urar ce. Akwai fanka a cikinta. Tun a ciki yake shan iskar."

Kawu Jatau ya tsoma yatsa a butar, ya shafa a farin gefen takarda. Shuɗi, nan take. Ya sunsuna yatsan, ya miƙa wa na kusa da shi, wannan ma ya sunsuna, yatsan Kawu ya zaga zauren kaf kamar turare.

"Galura ce. Ta leda. Mai arhar ma."

Firinta kuwa tana ta ci gaba da tofo Tanimu mai ido uku, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana danna waya ya rasa inda ake tsayar da ita. Gwadabe ya miƙe yana karkaɗe riga, aka fara ba shi hannu tun ba a yi zaɓen ba.

Tanimu ya juya ya daka wa firinta tsawa. "Munafuka!"

Sai aka ji muryar matarsa Ladidi daga bayan ƙofar gida, a hankali.

"Ka ga bambanci, Malam. Ni shekara ashirin ina sayo maka ledar nan ban faɗa wa kowa ba. Ita ko sati ba ta yi a gidan ba."