Janar Garga a Bakin Tanti

Duk wanda bai san Alhaji Garga ba, to bai taɓa shigowa Briqueterie ba, ko kuma ya shigo da kunnuwansa a toshe. Allah Ya yi wa unguwar nan baiwa iri-iri: ga tsiren da ake takowa daga ko'ina a Yaoundé a ci, ga teloli, ga atamfa har ido ya gaji. Amma in ka tambayi Alhaji, zai gaya maka cikin tawali'u cewa babbar baiwar tana cikin shagonsa, bisa kujera mai juyawa. Shi ne Shugaban Kwamitin Yaƙi da Shaye-shaye na unguwa. Shi ya kafa kwamitin, shi ya tsaya takara, shi ya zaɓi kansa, kuma har gobe yana yabon yadda aka yi zaɓen lami lafiya. 'Yan kwamiti suna ce masa Président. 'Yan moto, wato masu haya da babur, suna ce masa Janar, yana ta jin daɗi, don ba wanda ya taɓa gaya masa cewa cikakken sunan Janar Lasifika ne.

Bawan Allah yana da ido, wannan kam ba a musu. Daga ƙofar shago yake gane yaron da ya haɗiyi tramol da wanda barci kawai yake ji. Ya san ɗan wane ya fara kurɓar giya a bayan kasuwar Mokolo, ya san jikan wance ya koma allura. Da ya gane, sai ya ɗaga lasifikarsa ya yi wa yaron nasiha da sunan ubansa, yadda har mutanen unguwar Tsinga da ke maƙwabtaka za su amfana.

Saurayi ɗaya ne a duk unguwar idon nan bai taɓa sauka a kansa ba, wato Nu'man, ɗansa na fari. Alhaji mutum ne mai riƙon al'ada, kunyar ɗan fari kuwa ya riƙe ta da hannu biyu. Ba ya kiran sunansa, sai dai “wannan yaron”. In Nu'man ya durƙusa gaisuwa, Alhaji bango yake kallo ya amsa. Shi ya sa bai ga yadda yaron ya rame ba tun da ya fara tuƙa moto yana haɗawa da ƙwaya don ya jure wuni a kan titi. Bai ga yadda abinci ya daina shigarsa ba tun ranar da aka kwantar da abokinsa Yuguda a asibiti, idanu jawur kamar an shafa kurkum, aka ce ciwon hanta ne ya samu ta allura. Nu'man ya san sun taɓa karɓa-karɓa da allurar nan shi da Yuguda. Tsoro ne yake cinsa a tsaye.

Wadda ta gani ita ce Hajja Altine, yayar Alhaji, wadda ta goyi Nu'man tun yaye. Ita kaɗai ce a duniya take kiran Janar da Garga tsurarsa, kuma ya amsa.

Ana nan sai ma'aikatan lafiya suka aiko cewa za su kafa tanti ran Asabar kusa da masu tsire. Gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau kyauta, rigakafi kyauta, ga kuma mai ba da shawara ga wanda yake son rabuwa da ƙwaya. Shugabarsu, Madam Rahmatu, ta zo har shago ta yi bayani. Ta ce abu ɗaya suke roƙo, sirri. Mutum ya shiga ba wanda ya ƙirga shi, ya fito ba wanda ya tambaye shi. Ta ce in ba a zo ba, wata mai zuwa unguwar Nkomkana za su kai tantin.

Alhaji ya dafa ƙirji. “Madam, sirri? Kin zo gidansa. Ni ne sirri. C'est moi! Da kaina zan tsaya a bakin ƙofa in tabbatar da shi.”

Ran Asabar kuwa ya cika alkawari. Tun da hantsi aka kawo kujera mai juyawa aka dasa a bakin tanti. Ya sha babbar riga ruwan ƙwai, ya rataya ɗamara mai launin tuta wadda ba wata hukuma da ta ba shi. A bayansa an ɗaure ƙyalle mai hotonsa, fuskar ta cinye wuri har saƙon lafiyar ya koma can ƙasa kamar tururuwa. Malam Njidda tela, mataimakin shugaba kuma mai ɗaukar lasifika, ya tsaya da waya a hannu don ɗaukar hoton duk wanda Président zai yi wa maraba.

“Jama'ar Briqueterie!” in ji Janar. “Dépistage ya zo, gwajin jini, gratuit, ba ko sisi! Duk wanda ya san yana haɗiya, duk wanda ya san yana tsirawa, ya matso ba kunya. Ni ubanku ne, na san ku ɗaya bayan ɗaya!”

Ai kuwa matsalar ke nan, ya san su ɗaya bayan ɗaya. A unguwar nan saurayi ba ya gifta dattijo sai ya cire takalmi ya rusuna, dattijon ya tambayi gida, ya tambayi uba, ya aika da gaisuwa. Wani ɗan moto ya yi ƙarfin hali ya matso. Janar ya riƙe hannunsa, ya manta lasifika tana kunne.

“A'a, ɗan gidan Mohaman Bello! Kai ma? Madalla, madalla. Zan gaya wa babanka ka yi abin kirki.”

Yaron ya ce shi dama hanyar masallaci yake tambaya, masallacin da aka yi masa suna a cikinsa. Ya juya, ko takalminsa bai tsaya sa wa daidai ba. Daga nan titin tanti ya zama titin da ba a bi. 'Yan moto suka riƙa zagayawa ta lungun kwata, sun gwammace caɓi da maraba. A ciki Madam Rahmatu da mutanenta suna ta gyara auduga da ta riga ta gyaru. Sau nawa ta fito ta ce, “Baba Alhaji, ko za ka ɗan huta a inuwa can?” Shi kuwa ya ce janar ba ya barin bakin daga.

A tsallaken titi, bayan hayaƙin masu tsire, Nu'man yana zaune bisa motonsa yana kallon ƙofar. Ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa. Tsakaninsa da sanin halin da jininsa yake ciki babu komai sai titi ɗaya da ubansa. Abin ya ba Hajja Altine tausayi, ya kuma ba ta haushi, har ta ɗaure gyale a ƙugu ta tsallako.

“Garga.”

Janar ya sauke lasifika da sauri. “Na'am, Yaya.”

“Ashe haka ka lalace? Mutum kamarka, zaune a bakin tanti kamar mai gadi? Ni na ɗauka gari za ka zaga. Mutanen unguwar Messa suna can suna cewa ba su taɓa jin muryarka ba, wai ko labari ne kawai.”

Ran Janar ya ɓaci ƙwarai. Messa! Messa da ke nan kusa, a ce ba su san muryarsa ba! Ya miƙe har kujera ta yi juyi ita kaɗai. Kafin ka ce me, an kwance ƙyalle, an samo mai kalangu, matan tontin ɗin Hajja, wato 'yan adashinta, sun fito kamar dama a shirye suke, wanda kuwa a shirye suke. Hajja ce ta tsara hanya: Messa, a kewaya Mokolo, a haura Nkomkana, a gangaro ta Tsinga. Ta ce babban mutum ba ya yanke.

Ƙarar kalangu ba ta gama ɓacewa ba aka ga moto ɗaya ta tsallako titi a hankali. Nu'man ya jingine ta, ya duba gabas da yamma, ya shige. Da sauran suka ga ɗan Janar da kansa ya shiga, sai lungu ya fara amayo samari. Wasu da hular kwano a ka don kada a gane su, alhali kowa ya san moton kowa. Har masu yankan farce da wanzamai suka biyo layi, aka yi musu bayanin aska ɗaya mutum ɗaya. Abin da aka gaya wa Nu'man a ciki, tsakaninsa ne da Madam Rahmatu, ni ma ban tambaya ba. Na dai ga ya fito da ɗan filasta a dantse inda aka yi masa rigakafi, an sa masa ranar dawowa wurin mai shawara, kuma ya zauna wurin mai tsire ya ci kamar wanda ya dawo daga tafiya. Hajja tana gefe tana share ido da bakin gyale, wai hayaƙi ne.

Sai bayan la'asar rundunar ta dawo. Ruwa ya same su a Nkomkana, babbar riga ruwan ƙwai ta koma ruwan jar ƙasa, murya ta dushe, mai kalangu ya gudu tun a Mokolo. Amma da Janar ya ji cewa kayan gwaji sun kusa ƙarewa saboda yawan jama'a, sai gajiya ta tafi.

“Kun gani? Kun ga ƙarfin magana? Daga Messa na yi kira, Briqueterie ta amsa!”

Madam Rahmatu ta ce wallahi ba su taɓa samun taimako irin na yau ba. Ta ce tanti ya zauna a Briqueterie, duk wata za su zo, da sharaɗi guda: Président ya riƙa jagorantar zagayen nan kowane zuwa. Hajja ta ce a ƙara nisa kaɗan, akwai unguwannin da har yanzu suke cikin duhu. Janar ya karɓi wannan nauyi da ƙanƙan da kai.

Yayyafi ya sake saukowa. Nu'man ya zo ya buɗe lema a kan ubansa, ya ɗaga hannu sama, hannun riga ya zame, farin filasta ya fito fili a gaban duk unguwa. Janar ya juya fuska wajen bango kamar yadda ya saba, ya karɓi lasifika daga Malam Njidda don jawabin rufewa.

“Iyaye, ku sa ido a kan 'ya'yanku! Uban da bai san halin da ɗansa yake ciki ba, ba uba ba ne. Ku dube ni. Alhamdu lillahi, yau unguwa kaf ta shiga tantin nan, amma daga gidana ko mutum ɗaya ba a gani ba.”

Jama'a suka dubi filasta, suka dubi Janar. Masu tsire suka sunkuyar da kai suna juya naman da ya riga ya gasu.

Hajja Altine ta ce, “Gaskiyarka, Garga. Ba ka gani ba.”