Ƙuli-ƙulin da Ya Kusa Cinye Mini Aiki

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na shiga aji da tsintsiya a hannu ina neman aikin koyarwa ba. Lokacin na gama hidimar ƙasa, ina zaune a falon yayana a Kubwa, matarsa har ta fara tambayata ko ban yi kewar gida ba (kun dai gane wannan tambayar). Sai wata makarantar kuɗi ta kira ni gwaji. Mataimakin shugaban makarantar ya ce zan koyar da 'yan ajin ƙarshe darasi ɗaya, idan na burge, aiki nawa ne. Darasin kuwa: yadda ƙwayoyin bakteriya na cikin hanji ke koya wa juna ƙin jin magani.

Ni kuwa na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, don nan na fi ƙarfi. Abin ba wuya: wasu ƙwayoyin suna ɗauke da wani ɗan zobe da suke gada, ana kiransa plasmid, a cikinsa akwai dabarar karya ƙarfin magani. Mai zoben sai ta matsa kusa da maƙwabciyarta, ta miƙa mata kwafi, ta riƙe nata. Ba sai 'yar uwarta ba ma, ko wata irin ƙwaya ce daban tana iya ba ta. Da allo da alli zan iya bayyana wannan in tafi gida lafiya. Amma ina! Ni mai basira ne, dole sai na yi wasan kwaikwayo.

Na sayi ƙuli-ƙuli mai zobe leda guda a tashar mota, na sa jar hula da riga ruwan ɗorawa don in yi kama da kafson nan da muke kira ja-da-yalo. Na duba madubi na ce wa kaina, yau Abuja za ta san ta yi baƙo.

A aji na ce, "Wannan ɗakin hanji ne, ku kuma bakteriya ne." Suka tuntsire da dariya, kaina ya ƙara girma. Na ba wata yarinya mai suna Ladi ledar, na ce ita ce mai plasmid, duk wanda ta taɓa ta ba shi zobe, shi ma ya ɗiba ya miƙa gaba. Ni ne magani, zan fita in ba su lokaci, idan na dawo duk wanda ba shi da zobe ya mutu, zan share shi.

Abin da ban lissafa ba shi ne ana dab da fita tara, kuma yaran nan tun asuba suka baro gida.

Na dawo da gudu ina juya tsintsiya sama da kai, ina ihu, "Magani ya zo! Kowa ya ɗaga zobensa!"

Babu hannu ko ɗaya a sama, sai baki da ke motsi a hankali. Wani dogon yaro ya haɗiye nasa da ƙyar ya ce, "Sir, wallahi plasmid ɗin da daɗi. Akwai ƙari?"

Na zo in nuna magani ya kasa, ga shi zai share aji gaba ɗaya. Mataimakin shugaba yana bakin taga yana dafe goshi. Can sai na hango hannu ɗaya a bayan dogayen samarin da ke layin ƙarshe, riƙe da zobe cikakke. Murna ta ɗebe ni, ban ko tsaya ganin mai hannun ba, na nuna wajen da tsintsiya na kware murya: "Yauwa! Ga ta can! Tsohuwar ƙwaya mai taurin kai, ta daɗe a hanji tana hana mutane sakat, babu maganin da ke jinta!"

Samarin suka dare gefe kamar an tsaga ruwa. Wata dattijuwa mai tabarau ta miƙe a hankali. Na ji Ladi ta ce ƙasa-ƙasa, "Sir, Mummy ce." Mai makarantar kenan. Ta shigo lokacin da nake waje, Ladi kuma ta bi umarnina ta miƙa mata zobe.

Da ƙasa za ta tsage da na shige har da tsintsiyar. Na cire hula, na mayar, na sake cirewa (har yau ban san dalili ba).

Ta ce, "Malam, ci gaba mana. Yanzu duk waɗannan sun mutu, ni kaɗai na rage. Me zai faru?"

Na ce, "Za ki... za ki hayayyafa ki cika hanjin, Ma. Duk sababbin da suka zo kuma ki raba musu zoben."

Ajin ya kife da dariya, har da masu buga tebur. Ita ba ta yi ba. Ta ce in same ta a ofis, na bi ta ina lissafin yadda zan koma falon yayana.

Ta ajiye ƙuli-ƙulin a kan tebur ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce mijinta ya sha jinya a asibiti bara, ana canza masa magani bayan magani, likitoci suna cewa ciwon ba ya ji. "Babu wanda ya gaya mini yadda ƙwaya ke koyon wannan abu, sai yau da ka zage ni. Ka zo ran Litinin. Amma ka bar tsintsiya a gida."

Na fito, kunya da murna sun haɗe mini. Tun ranar na riƙe abu biyu: ba a ba yaro mai jin yunwa kayan darasin da ake taunawa, kuma kafin ka kira wani tsohuwar ƙwaya, ka leƙa ka ga ko ita ce za ta ɗauke ka aiki.