Yadda Za Ka Sha Kaye a Hannun Surukinka a Tseren Ƙananan Motoci

Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka zo na ƙarshe. An gwada su a kan abokina Wa'il, mai sayar da magani a kemis, lokacin da yake neman auren Nermin 'yar Alhaji Shaukat. Alhaji ya shekara talatin da biyu yana tuƙa tasi a Alƙahira. Duk wanda ya zo neman 'yarsa ba ya tambayarsa asali ko albashi, filin tseren ƙananan motoci da ke ƙasan babban kanti yake kai shi ranar Juma'a bayan la'asar. Ni na raka Wa'il, ni kuma na tsara masa dabarun.

Mataki na 1: Ka nuna ba ka san komai ba

Idan an miƙo maka hular kwano, ka juya ta sau biyu kana neman gabanta. Wa'il ya yi wata guda yana zuwa filin nan a ɓoye, ya san kowace kwana, amma da ya ga motar, wadda tsayinta bai kai gwiwa ba, sai ya ce, "Baba, ta ina ake shiga?"

"Ta sama, ɗana. Yi a hankali kada ka take ta."

Dattijo yana son a ba shi damar koyarwa. Ka ba shi.

Mataki na 2: Ka zo da ɗan rakiya

Tsere da mutum biyu tsirara yake, kowa zai ga abin da kake yi. Ka sa abokinka ya shiga mota ta uku ya cika fili. Ni aka cusa, cikina cike da koshari, dafa-dukan shinkafa da taliya na Masar.

Mataki na 3: Ka ƙulla abota da birki

Ƙafar dama totur, ta hagu birki. Taka ta hagun ita ce ladabi. Masana sun tabbatar cewa ba a taɓa fasa aure saboda saurayi ya cika taka birki ba. Kada ka tambaye ni su waye masanan.

Mataki na 4: Ka ba babba hanya

Motocin nan ba su da hon, kuma wannan ne babban baƙin cikin Alhaji a duniya. Yana tafe yana dukan tsakiyar sitiyari, da ya ji shiru sai ya yi da baki: "Pip! Pip! Matsa, ɗan albarka!" Da ka ji haka ka raɓe jikin tayoyin da aka jera a gefe, ka ɗaga masa hannu. Wa'il sau huɗu yana yin haka a zagaye goma. A na huɗun har sai da ya tsaya cak ya russuna. Wallahi na ji alfahari da ɗalibina.

Abin lura: ka ja wa ɗan rakiyarka kunne tun daga gida. Ni babu wanda ya ja mini. Alhaji ya matse ni a kwana yana pip pip, jinin unguwarmu ya motsa, na kutsa ta wata 'yar kafa na wuce shi, ban ƙara waiwayowa ba sai da aka kaɗa tuta.

Mataki na 5: Ka yabi gwani a gaban allo

Bayan tsere sunaye suna fitowa a babban allo, kowa da lokacinsa. Ka dafa ƙirji ka yi mamaki. Wa'il ya ce, "Baba, ai ku iska ne. Mu yara ina za mu iya?"

Alhaji ya cire hula, ya share gumi, ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ɗaga kai wajen Nermin, wadda ta kalli komai daga bene da kofin shayi a hannu.

"'Yata, me kika gani?"

"Baba, wannan in naƙuda ta kama ni a cunkoson gada, sai an raɗa wa jaririn suna kafin mu isa asibiti."

Wa'il ya daburce. "Da gangan na yi, wallahi. Girmamawa ce."

"To ka ga abin ya zama biyu," in ji Alhaji. "Ga sanyin ƙafa, ga yaudarar tsoho." Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "Kai kuma marar kunyar da ya wuce ni ta hagu, ɗan gidan waye?"

Nermin ta ajiye kofinta, ta leƙo tana jiran amsa.

Sanarwa

Na ce za ka zo na ƙarshe, ban ce za a ba ka mata ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa budurwa, ya kuka da ƙafarsa ta hagu, ni ba ruwana. Kada kuma a zo mini gida da ƙorafi, Nermin ba ta son hayaniya. Wa'il dai har yau ba ya amsa gaisuwata, alhali da hannuna na kai masa katin ɗaurin auren.