Inda Zoben Yake Cijewa

Sun fara haɗuwa ne a shekarar da tsohon mai hoto ya sauya labulen shagonsa daga shuɗi zuwa ruwan toka. A shekarar ɗansa ya dawo daga aiki a wani gari mai nisa, ya kawo 'yarsa mai shekara uku ta gaida kakanta. Ba ta gaishe shi ba. Hannu ta miƙa kan tebur ta jawo idon kyamararsa, wanda ya fi komai daraja a shagon, ta sake shi a kan siminti. Gilashin bai fashe ba, amma zoben da ake murɗawa da hannu a saita hoto ya lotsa, tun daga ranar yake cijewa a wuri ɗaya. Shi ya sa ya raɗa mata suna Taɓarna, kullum kuma sai ya tuna mata yana bin ta bashin ido guda. Ita kuwa da ta yi baki sai ta riƙa kiransa Kar-ka-motsa, don abin da yake gaya wa duk wanda ya zauna gabansa ke nan.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne cijewar nan ta zama sandarsa. Yanar ido ta fara rufe masa gani, in ya leƙa kyamara sai ya ga mutum kamar a bayan hayaƙi. Tun da sauran gani ya gwada, ya kafe kujerar zama da ƙusa daidai nisan da zoben ke cijewa, ya yi wa ƙafafun kyamara shaida a ƙasa. Ya murɗa, ya ji cijewa, ya danna, hoto ya fito tar. Ɗansa kuwa ya riga ya yanke magana: ran da ido ya gaza, a rufe shago, Baba ya koma gida ya huta.

To, bayan shekaru, yarinyar ta zama budurwa, sai ga shi an wayi gari idon kyamarar ya ɓace daga akwatinsa, ga tsohon hedimasta zai zo da yamma a ɗauke shi hoton da za a rataye a zauren makaranta. Mai hoton yana ta birkice aljihun tebur sai Taɓarna ta shigo, tata kyamarar mai saita kanta tana lilo a wuya.

"…lafiya lau muka kwana, angona. Ya ƙarfin jiki? Ko ƙarfin ya tafi ya bar jikin?"

"Riƙe gaisuwarki. Ina idon kyamarata?"

"Haka ake tarbar amarya? Ko ruwa babu?"

"Amaryar da ta shigo gida da ɓarna tun ba ta iya share majina ba. Mutum biyu suka san inda nake ɓoye makulli, ni da ɓarawo."

"Ɓarawo ba ya dawo da kaya a naɗe cikin ƙyalle." Ta ajiye ƙunshin a gabansa. "Na kai shi wurin mai gyara. Satin da ya wuce na gan ka kana murɗa shi da hannu biyu kamar mai buɗe murfin kwalbar da ta yi tsatsa. Mai gyaran ya ce da an ƙara wata guda zai kafe gaba ɗaya."

Tsohon ya warware ƙyallen, ya kama zoben, ya murɗa. Zoben ya tafi sumul daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ko gezau. Ya sake murɗawa a hankali. Babu cijewa. Sai ya hau ta da faɗa.

"Wa ya aike ki? Garin neman gira kin rasa min ido. Sau biyu ke nan kina kashe abin nan, da farko da hannu, yanzu da gwaninta."

"Kai fa kullum kake bina bashi. Har a gaban ƙawayena ka taɓa cewa ba za ka sake ni ba sai na biya."

"Na ce ki biya, ban ce ki taɓa ba. Me kika sani a idon kyamara? Ke da na'ura ke yi wa tunani. Ki ɗaga ki danna ɗari, ki zaɓi ɗaya, ki ce ke mai hoto ce. Mu a zamaninmu fim ɗaya, dama ɗaya. Ka murɗa har ƙwayar idon mutum ta tsaya cak, sannan ka riƙe numfashi."

"A zamaninku mutum ya shigo da baƙin gashi, kafin ku gama murɗawa ya yi furfura."

"Amma hoton yana nan a bango har yau. Naku fa? Waya ta faɗa ruwa, dangi duka sun nutse."

"Tawa tana kama tsuntsu a sama."

"Ta kama tsuntsun ta bar mai gidan. Na ga hoton da kika yi wa babanki. Tukunyar fulawar bayansa fes, shi kuwa kamar aljani. Kyamarar ta duba su biyun ta zaɓi wanda ya fi kyau."

"To ai ta yi adalci, kai ya biyo."

"Ji mara kunya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi…"

"Hango min kalandar can, babba. Wane wata ne?"

Tsohon ya juya wajen bango. Farin abu kawai yake gani mai kusurwa huɗu.

"Ba na karanta kalanda da safe. Ba ɗabi'ata ba ce."

"Tabarmar kunya ke nan, da hauka ake naɗe ta. Kar-ka-motsa, wane mai hoto ne yake rufe ido biyu in yana saiti? Wane ne yake kafe kujera da ƙusa kamar za ta gudu? Kuma me ya sa bana duk iyalin da suka zo a tsaye sai ka ce kai ba ka ɗaukar taro?"

"Taro hayaniya ne."

"Taro ba ya zama a kujera ɗaya, shi ke nan laifinsa."

Ya zauna. Hedimastan nan bakinsa ba ya ajiye magana, in hotonsa ya fito dishi-dishi, kafin dare ɗansa ya ji. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa amma da sauran zafi, "To kin ji daɗi. Je ki gaya wa babanki ya kawo kwaɗo. Mata irinku ne ke sayar da miji a kasuwa."

"Wa zai saye ka? Ko da gyara aka ba da kai sai an dawo da kai. Kawo babban yatsanka."

Ta kama yatsan ta ɗora a jikin idon kyamarar. Ya ji wani ɗan ƙullutun ƙarfe kamar kan allura, a wurin da ba ya motsi. Ta juya zoben a hankali, sai ga wani ƙullutun ya zo ya tsaya kusa da na farko, duka biyun a ƙarƙashin yatsansa.

"Wannan kujerarka ce. Na auna da igiya daga ƙafafun kyamara, na sa mai gyara ya dasa. Ci gaba da murɗawa."

Ya murɗa. Wasu ƙullutai biyu a jere suka iso.

"Wannan kuma labule ne, inda taro ke tsayawa. Ka daina korar mutane da 'ya'yansu."

Tsohon ya ɗaura idon a kyamara, ya gyara ƙafafunta a kan shaidarsu, ya murɗa ya dawo, ya murɗa ya dawo.

"Mai gyaran nan, me kika ce masa?"

"Na ce mijina tsoho ne mai son ado."

"Babanki fa?"

"Tsakanin miji da mata, me ya kawo suruki?"

Dariya ta ƙwace masa, har da tari. Ya laluba aljihu ya ciro makullin shago na biyu, wanda ko ɗansa bai taɓa riƙewa ba, ya cilla mata.

"Tunda kin saba sata, gara ki shigo ta ƙofa. Ki riƙa zuwa kina duba hotuna kafin a ba masu su. Yanzu hau kujerar can in gwada aikin banzan nan kafin hedimasta ya zo."

"Bashin fa?"

"Wane bashi? Ɗaga haɓa. Kar ki motsa."