Rasuwar Tasa, Kwanon Satalayit na Malam Sammani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido jajur, Malam Sammani tela na Ƙofar Guga yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwanon satalayit ɗinsa, wanda unguwa ta fi sani da Tasa. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, ranar da soja suka miƙa mulki.

Marigayiyar ta zo gidan ne daga hannun wani Baturen injiniya da zai koma ƙasarsu. Tun da aka ɗaure ta a kan soro ta kafe a tasha ɗaya, ba Hausa ba Turanci, sai mutane suna sulɓi a kan ƙanƙara da bindiga a goye. Su yi gudu har numfashi ya ƙare, su kwanta su harbi allo, wanda ya kuskure a ƙara masa zagaye, wanda ya ci a rataya masa zinariya. Da fari Malam Sammani ya yi fushi. Daga baya ya daina ɗinkin hantsi saboda su.

Tasa mai kunya ce, ba ta taɓa nuna abin da zai sa dattijo ya sunkuyar da kai ba, domin mutanenta kullum a rufe suke har hanci. Cikin zafin bazara zauren kan cika da masu zuwa kallon sanyi. Malam Sammani kan gaya musu cewa waɗannan ne kaɗai masu bindigar da ya taɓa gani suna harbi su tafi gida ba tare da sun nemi gidan rediyo ba. Idan hadari ya taso takan ce "shhhh", kuma a yi shirun.

Ajalinta ya zo ta hannun masoyi. Maƙwabcinsa Ayuba, masinja a sakatariya, ya dage sai an juya ta an ga rantsar da farar hula. A lokacin ana maimaita tsere, kuma gwanin Malam Sammani, wani Bajamushe da ya raɗa wa suna Dogo, saura masa harbi ɗaya ya ɗauki zinariya. Malam ya roƙi a jira. Ayuba ya riga ya hau tsani da sifana. Ya kwance noti, iska ta taso, Tasa ta yi "ƙwararam" a tsakar gida.

"Ayuba, ba kwanon ya dame ni ba," in ji Malam Sammani. "Dogo ya samu ko bai samu ba?"

Ba wanda ya sani har yau. Rantsuwar kuwa, da eriyar gida aka kalla, tas.

Marigayiyar ta bar talabijin ɗaya mai dishi-dishi, da waya a rataye, da marayu cike da zaure, da Ayuba wanda yanzu ta bayan layi yake zuwa aiki.

Za a karɓi gaisuwa a shagon ɗinki, amma masu kaya kada su haɗa ta'aziyya da tambayar ɗinkinsu. An so a kai gawar wurin maƙeran Babbar Kasuwa, sai uwargida Safara'u ta ce ba inda za ta. Mai son ganawar ƙarshe ya leƙa tsakar gida bayan azahar, zai same ta a rigingine ana shanya kuɓewa a cikinta.